Maigida ya ƙoshi a teburin mai shayi, gida fa?

Ƙauyenmu yana gefen hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Haɗeja, ba nisa da Gujungu. Idan ka tsaya a bakin titi bayan sallar isha'i, babu inda ya kai teburin mai shayi haske a duk garin. Ƙwan sola biyu a rataye, gwangwanayen madara an jera su kamar bene, ga kiret ɗin ƙwai, ga burodi a leda, ga kwalin Indomie a ƙarƙashin tebur, kasko yana ta cuwa. Babura a kafe a gefe, benci ya cika, wasu a tsaye suna jiran a zo kansu. Ka ratsa ta bayan teburin ka shiga lungu, sai duhu da shiru. A wasu gidajen ka ji ana kankare tukunya, a wasu kuwa ko warin hayaƙi babu, domin tun la'asar ba a hura wuta ba. Yawancin waɗanda ke kan bencin nan magidanta ne, kuma daga waɗannan lungunan suka fito.

A ƙauye maganar abincin dare tun da hantsi ake yanke ta. Kafin mutum ya saɓa fartanya ko ya tayar da babur, uwargida za ta tare shi a bakin ƙofa: "Malam, yau me za a ɗora?" Tambaya ce gajeriya, amma duk lissafin gidan yana cikinta. Akwai sauran dawa ko ta ƙare? Akwai na niƙa? Kuka da daddawa fa? Itace fa? Amsar da ya bayar a wannan tsayuwar ita ce za ta nuna ko yara za su kwana da tuwo a ciki ko da kunu, ko kuma da haƙuri. Abin da nake gani yanzu shi ne mutane da yawa sun koyi wata amsa mai sauƙi, "bari in fita in gani", daga nan ba a sake ganinsu sai sun ƙoshi.

Na tashi a gidan gandu. Baffanmu, yayan mahaifina, shi ne babba, kuma shi kaɗai ke hawa rumbu. Da safe zai sauko da damin gero ko na dawa, ya miƙa wa mai girki a ranar. Daga nan aiki ya koma hannun mata: sussuka, sheƙa, surfe, wanki, shanya, sannan a kai inji ko a daka a turmi. Da la'asar sakaliya a ɗora sanwa, a yi ruɗe, a yi talge, a sa muciya a tuƙe, a bar shi ya sulala, a kwashe da mara. Duk wanda ya ce tuwo abincin malalata ne bai taɓa tuƙa na mutum ashirin ba. Rabon ma yana da ƙa'idarsa. Akwai akushin maigida, akwai kwanon samari, akwai na yara da suke kewayewa su ci tare ana faɗa a kan wa ya fi loma, akwai na wata tsohuwa a maƙwabta da 'ya'yanta suka tafi suka bar ta, akwai na almajirin gida, sannan a rufe na ɗumame. Ƙanzon ma ba ya kwana a banza.

Sai kuma ciyayya, wadda a kanta nake son in daɗe.

Ana idar da magariba za a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Baffa. Magidantan lungun su hallara, mutum takwas ko goma, yara su riƙa fitowa da akusa daga gida gida suna direwa. Ba wanda ke cin nasa shi kaɗai. A buɗe na wannan a taru a kansa, a ture, a jawo na wancan. Wani tuwon dawa da miyar kuka, wani na gero da karkashi, wani dambun zogale, idan kaka ce har da wake da kabewa. Baƙon da dare ya riska a garin nan zai zauna, babu mai tambayarsa daga ina sai ya wanke hannu. Muna yara mun ɗauka duk hira ce da cika ciki. Sai da na girma na gane cewa Baffa ƙidaya yake yi. Idan akushin wani bai fito ba yau, bai fito ba gobe, mai akushin zai zo ya zauna ya ci kamar kowa, ba wanda zai ɗaga ido ya dube shi. Amma washegari da sassafe za ka ga Inna ta miƙa ƙwaryar dawa ta kan danga, rufe da faifai, tana cewa da matar gidan: "Ungo, 'yar nan, ajiyarki ce." Ba wanda ya roƙa, ba wanda aka kunyata, kuma tukunya ta hau murhu. Tabarmar nan ita ce hanyar da lungu ke sanin gidan da wuta ta mutu.

Teburin mai shayi ba ya yin wannan aikin, hasali ma ɓoye shi yake yi. Mutum zai zauna ya sha shayi mai kauri, ya ci ƙwai biyu, ya yi gyatsa, ya goge baki, kowa ya ɗauka lafiya lau yake. Wanda ke kusa da shi a benci bai san cewa matarsa ta jiƙa ƙanzo ta raba wa yara ba. Cikin maigida ya daina zama shaidar cikin iyalinsa.

Kada wani ya ce ina kukan zamanin da ya wuce ne kawai. Ciyayya tana da nata aibun, kuma iyayenmu mata sun fi kowa saninsa. A kan tabarmar ake yi wa matan mutane hisabi, wace ce miyarta ta tsinke, wace ce tuwonta ya yi gudaji, magana ta zagaya ta dawo cikin gida ta zama gori tsakanin kishiyoyi. Idan an yanka kaza, cinya da ƙirji waje suke fita, yara su tashi da ƙafa da wuya. Wannan ba abin yabo ba ne. Amma ko a lokacin, tukunya ɗaya ce ta ciyar da na waje da na ciki.

Dattawan garinmu idan aka tayar da wannan zance, wuri biyu suke ɗora laifi: matan yanzu ba sa son wahala, samarin yanzu kuma kwaɗayi ya yi musu yawa. Ban yarda da su ba, ko da yake ba na iya faɗa musu a gabansu. Sayen abinci ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun muna yara akwai gidan da aka sani da ɗan wake, akwai gidan ƙosai da koko, akwai mai waina, akwai 'yan Fulani da ke shigowa da fura da nono da rana. Matan aure da ke cikin kulle da wannan sana'ar suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Ranar kasuwa kuwa, ko Lahadin Gujungu ko Alhamis ɗin Maigatari ko Juma'ar Wudil, wa ke komawa gida cin abincin rana? A rumfar mai tuwo ko wajen mai tsire ake ci. Tuzuru da gwauro da ɗan ci-rani da direban da dare ya yi wa, dukkansu suna da haƙƙin a sayar musu da abin da za su ci, kuma mai shayi halalinsa yake nema. Ba da shi nake ba.

Har ma zan ƙara da cewa akwai daren da saye ya fi dafawa hankali. Gidajen gandu sun watse, yanzu saurayi da amaryarsa su biyu ne a ɗan sashensu. Kafin ta hura wuta sai an sayi itace, domin dajin da muke shiga mu yi kirare ya zama gona, karan dawa kuma kafin bazara ya ƙare. Sai kuɗin niƙa, sai manja ko man gyaɗa, sai magi da gishiri da attaruhu. Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000, komai da ke hawa mota ya tashi, mai inji ma ya ƙara nasa. A farkon 2024 har mata masu gurasa sai da suka fito zanga-zanga a birnin Kano saboda tsadar fulawa, aka kuma riƙa jin mutane na sayen afafata, shinkafar da a da masu casa ke warewa a ba kifi. A irin wannan hali, idan mutum biyu suka aika aka sayo musu ɗan wake ko awara ko garau-garau a maƙwabta suka ci tare, sun yi dabara, kuma kuɗin ya shiga hannun wata matar da za ta ciyar da nata 'ya'yan. Wannan ma cin gida ne, tukunyar ce kawai ta maƙwabta.

Abin da nake ƙi shi ne mutum ya raba cikinsa da na iyalinsa. Kuma ba daga nesa nake hango shi ba, na yi shi.

A daminar 2024 ne, lokacin da hatsi ya yi tsadar da ban taɓa gani ba, albashina na malamin firamare kuma ba ya kai tsakiyar wata. Wata rana na bar gida da abin da bai fi na kunu ba. Da na fito daga masallaci bayan isha'i sai na ce bari in ɗan zauna a teburi a yi hira. Hira ta zama shayi, shayi ya zama "soya min Indomie guda biyu da ƙwai, ka rubuta". Kwana uku ina haka. A dare na huɗu na shiga gida, ƙaramar 'yata da ba ta yi barci ba ta taso ta rungume ni, ta sa hanci a rigata, ta ce: "Baba, kana ƙanshin ƙwai." Uwarta tana zaune a bakin gado tana ninke kaya. Ba ta ɗago ba, ta dai ce: "Ki bar Babanki ya huta, ya gaji." Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Da gari ya waye na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Abin da nake ci a zama ɗaya, Indomie biyu da ƙwai biyu da shayi da ɗan burodi, bai yi nisa da kuɗin kwanon masara ba a lokacin. Kwano guda kuwa zai yi mana tuwon dare mu shida, har a samu ɗumame. Wato a kowane dare ina haɗiye abincin gida guda ni kaɗai, a kan bashi, kafin in kai gida kuma yunwar ta fara dawowa.

Na san uzurin da muke kawowa, domin na kawo su. Wani ya ce tuwo kullum ya ishe shi. To, ita matar da ke tuƙa shi kullum, an tambaye ta ko bai ishe ta ba? Wani ya ce shi ke shan rana a gona ko a kan babur, dole ya samu mai maiƙo don ya iya fita gobe. Akwai gaskiya a nan, amma mai shayarwa da mai juna biyu sun fi shi bukatar ƙwan nan, kuma duk wanda ya taɓa kai yaro asibiti aka auna damtsensa aka miƙo masa madarar gyaɗar nan ta masu tamowa ya san ba maigida ne yunwa ke fara kayarwa ba. Uzurin da ya fi ƙarfi shi ne na bashi: mai shayi yana da littafi, zai rubuta maka har ƙarshen wata, mai awo a kasuwa kuwa sai ka dire kuɗi. Wannan gaskiya ne, shi ya sa tarkon ke kama mutanen kirki ma. Sai dai wanda ake yarda da shi a rubuta masa ƙwai soyayye, za a yarda a rubuta masa ɗanye ya kai gida. Ba mu tambaya ne kawai.

Akwai kuma wanda ya fi wannan muni, mutumin da ya ga matarsa ta fara sana'ar awara ko ɗan wake sai ya janye hannunsa daga cefane gaba ɗaya, wai ai tana samu. Ita ce sayen waken suya, ita ce kai niƙa, ita ce tsayuwa a gaban wuta, 'yarta ce ke yawon talla har bayan magariba maimakon bitar karatu, sannan daga ribar da ba ta taka kara ta karya ba za a ci da dare. Shi kuwa yana bakin titi. Ciyarwa a wuyan miji take, babu malamin da ya taɓa faɗin akasin haka, kuma duk wanda ya zauna a zauren mai unguwa ko kotun shari'a ya san yawan auren da "ba ya ba mu abinci" ya kashe.

Idan ka bi abin zuwa tushensa, ina ganin daga rumbu ya faro. A da arzikin manomi dami ne, kuma dami a tsakar gida yake, kowa na ganinsa. Matar gida ta san ko saura nawa, yara ma sun sani. Mutum ba zai saɓi dami ya kai teburin mai shayi ba, gari zai yi da shi. Yanzu gonaki da yawa a Jigawa sun koma riɗi da zoɓo, a fadamun Haɗeja da wuraren noman rani na Kura da Kadawa kuma shinkafa da tumatir da alkama. Ba laifi ba ne, suna kawo kuɗi, kuɗin ne ya sa kwano a kan ɗakuna da yawa ya kuma sayi baburan da ke kafe a bakin titin. Amma riɗi ba a tuƙa shi. Ana kaka dillalai za su zo su auna, motoci su kwashe zuwa Maigatari ko Dawanau, kuɗi ya faɗo a waya. Geron da aka ɗan noma ma sai a sayar da rabinsa da arha don biki ko biyan bashin taki, a dawo ana sayensa da tsada a tsakiyar damina, kwano kwano. Hatsi a rumbu na gida ne. Kuɗi a waya kuwa na mai wayar ne, shi kaɗai ya san lambar sirrin, shi kaɗai ya san abin da ya rage, kuma mai POS yana nan daf da mai shayi.

Wani abin da ke ba ni mamaki, burodin nan da taliya da Indomie duk daga alkama suke, alkamar da Najeriya ke ci kuwa mafi yawanta daga ƙasashen waje ake shigo da ita. Manomin da gero ke tsirowa a bayan ɗakinsa ya ɗaura abincin darensa a ƙafar dala. Naira ta faɗi a Legas, shi kuma a ƙauyen da ko banki babu ya ji a kofin shayinsa.

Ba na cikin masu cewa gwamnati ta zo ta gyara wannan. Nata aikin daban ne, ta sauko da kuɗin taki, ta yi maganin ambaliyar da ke cinye gonakin Ringim da Auyo da Kafin Hausa, kamar yadda aka gani a 2022, ta biya albashi a kan lokaci. Amma babu gwamnan da zai bi mutum lungu ya duba ko an ɗora tukunya a gidansa. Limamanmu za su iya taɓa zancen a huɗuba, sun kuwa fi ni sanin hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce abincin mutum ɗaya yana isar biyu, na biyu yana isar huɗu, da wanda ya umarci Abu Zarri ya yawaita ruwan miya don ya samu na ba maƙwabta. Ni abin da na ɗora wa kaina ƙarami ne. Kafin in sayar da komai a kaka, sai na ware buhunan da za su kai mu wata kakar, na sa su a ɗakin uwargida, makullin yana hannunta. Idan kuma kwaɗayin tsire ko ƙwai ya kama ni, domin yana kamawa, a ƙunshe min in tafi da shi, ko yanka bibbiyu ne kowa ya samu. Ina zuwa teburin har yanzu, can ake jin labarin gari da na ƙwallo, amma sai na ci tuwon gida tukuna.

Bayan kakar bara na gwada dawo da ciyayya a lungunmu. Na bi gida bakwai na yi magana, kowa ya ce madalla, abu ya yi kyau. Daren farko mutum biyar suka fito, a mako na biyu muka koma uku: ni, da wani ɗan'uwana, da wani dattijo mai gyaran keke. Ɗaya daga cikin waɗanda suka janye ya same ni a hanyar masallaci ya ce: "Malam, ba ƙi na yi ba. Kunya nake ji a buɗe kwanona a gaban mutane, wata rana gaya ne ba miya." Na ce masa ai saboda irin wannan ranar aka ƙirƙiro ta, hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Ya yi dariya, ya ce zai duba. Bai dawo ba tukuna. Uwargida ce ta ce in bar matsa masa, ita ta san yadda za ta yi da matarsa, dangarmu ɗaya da su.

Mu ukun muna nan muna fitowa bayan magariba. Shekaranjiya kwanon mai gyaran keke bai fito ba, jiya ma haka. Ya zo ya zauna, muka ci, aka yi hirar farashin taki, ya yi mana sai da safe.